Ofishin tafinta a kudancin Jidda: abin da na gani da na kai Inna asibiti

Shekarata takwas a Jidda ina gyaran na'urar sanyi, kuma Larabcina ya ishe ni neman abinci. Zan iya yi wa mai gida bayanin abin da ya lalace a kwamfuresa, in yi ciniki da mai sayar da kayan gyara a kan riyal goma, in gaisa da kafili, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, yadda ya kamata. Turanci kuwa ban wuce abin da na tsinta a firamare a Katsina ba. Hakan bai taɓa tauye ni ba sai bana, da Inna ta zo Umra.

Inna ta fi shekara goma tana fama da ciwon suga. Ta yi ɗawafi, ta yi sa'ayi da ƙafarta babu takalmi, kuma wanda ya taɓa yi ya san safa da marwa sau bakwai ya haura kilomita 3. An yi an yi ta hau keke ta ƙi, ta ce ba ta tara kuɗi shekara da shekaru don a tura ta ba. Da na ɗauko ta daga Makka zuwa ɗakina don ta huta kafin ranar jirginsu, sai na lura tana ɗingishi. Ƙasan babban yatsanta ya yi bororo, ya fashe, gefensa ya soma canza launi.

Na kai ta wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, irin wanda ake kira mustausaf. Likitan ɗan ƙasar Indiya ne, mai jinyar 'yar Filifin, kuma haka abin yake a wurare da yawa a ƙasar nan. Aikin likita da Turanci ake yin sa, takardun gwaji da Turanci suke fitowa. Larabcin likitan irin nawa ne, na "fi" da "ma fi", wanda ya isa a sayi burodi amma bai isa a bayyana ciwo ba. Sai na ciro waya na buɗe manhajar fassara. Inna ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Ka ce masa har da sanyi yana damuna." Na rubuta, na miƙa masa. Ya duba maƙogwaronta, ya sa abin awo a ƙirjinta, aka wanke ƙafar aka ɗaure, muka fito da maganin mura a leda. Ni ban fahimci sanyin da take nufi ba, ita kuma ba za ta iya yi wa ɗanta namiji ƙarin bayani ba. Kwana huɗu bayan nan zazzaɓi ya rufe ta.

Wani abokin aikina ɗan Damagaram ne ya ce in daina wahalar da tsohuwa, in je wurin wani Alhaji mai ofishin tafinta. Ba zan kama sunan ofishin ba, tunda akwai abubuwan gyara da zan faɗa a kansa, amma wanda ke zaune a kudancin Jidda ya tambayi 'yan uwa bayan sallar Isha'i, za a nuna masa. Shago ne ɗan ƙarami tsakanin mai wanki da guga da mai gasa burodin tamis. Allonsa da Larabci kawai aka rubuta, irin na ofisoshin da ke cike wa mutane takardu. A ciki akwai tebur biyu, na'urar buga takarda, kujerun roba shida, da wata takarda a bango mai lambobi da manyan haruffa: 997 na motar ɗaukar marasa lafiya, 911 na gaggawa, 937 na ma'aikatar lafiya, 19911 na ma'aikatar ƙwadago. A ƙarƙashin kowace lamba an rubuta da Hausa abin da mutum zai fara faɗa in an ɗauka, da yadda ake furta shi da Larabci. Wannan takardar na fara ɗauka a hoto tun kafin in zauna.

Alhaji haifaffen Makka ne, dattijo mai kimanin shekara sittin. Ya ce kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya yi shekaru yana noma a Sudan, sannan ya tsallako Bahar Maliya daga Sawakin. Irin gidajen nan ne da mu 'yan gida muke kira takari, waɗanda za ka ga Hausawi ko Fallata ko Barnawi a ƙarshen sunansu. Hausarsa tsohuwa ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun bakin kakata, sai kuma Larabci ya faɗo cikinta ba tare da ya sani ba. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Daga nan ya ce, "Ɗana, wannan ba aikina ba ne, kuma ba naka ba ne. Mace za ta raka ta." Ya kira ƙanwarsa a waya.

Ita ce dalilin wannan rubutu. Malama, kamar yadda kowa ke kiranta, ta yi aikin jinya shekaru kafin ta ajiye, tana jin Hausa da Larabci da Turanci. Rakiya asibiti riyal 150 ne in ba a wuce awa uku ba, kuma kai za ka kawo mota. Da na ji kuɗin na ɗan yi jim, don ya kai abin da nake kashewa a abinci na kwanaki. Yanzu da na ga aikin, ba na jin an tsawwala mini.

Tun a mota ta fara. Ta zauna baya kusa da Inna, ta gaishe ta gaisuwar gida, ta tambayi mutanen Katsina da damina, har Inna ta saki jiki. Sannan ta ce, "Inna, in mun shiga, ke za ki yi magana da likita, ba ni ba. Duk abin da kika faɗa zan faɗa masa yadda kika faɗa, duk abin da ya faɗa zan maido miki. In akwai abin da ba kya so ya ji, kada ki faɗa a gabana a ciki." Ta juyo gare ni ta ce, "Kai kuma in an zo maganar mata, za ka ba mu wuri." Na ce to.

Wani asibitin muka je, ba na farko ba. A ɗakin likita na ga abin da ban taɓa gani ba a duk rakiyar da na yi wa 'yan uwa. Malama ba ta zauna tsakanin Inna da likita ba. Ta ja kujerarta gefe, ɗan baya kaɗan, yadda dole likitan ya dubi fuskar Inna in zai yi tambaya. Kuma ba ta cewa "wai ta ce". In Inna ta ce "ƙafata tana mini zugi da dare", haka take mayar da shi, da bakin mai ciwon. Da Inna ta ɗauko labari tun daga ranar da ta taka wata tsakuwa a ƙofar otal, na so in ce ta taƙaita. Malama ta ɗaga mini hannu ba tare da ta dube ni ba, ta fassara har ƙarshe. Cikin wannan dogon labarin ne likitan ya tsinci abin da yake nema: Inna ba ta ji zafi ba lokacin da ta taka tsakuwar, sai da ta ga jini. Nan take ya ɗauko wani siririn abu kamar zaren roba yana taɓa tafin ƙafarta wuri wuri, yana tambaya ko ta ji. A wurare da yawa ba ta ji ba. Ya ce suga ya taɓa jijiyoyin ƙafar, shi ya sa ciwo ke cin ta ba ta sani ba. Da ni nake fassara, da na yanke labarin tsakuwar nan, don ina ganin ɓata wa likita lokaci ne.

Sai aka ce in fita. Na zauna a baranda kusan minti ashirin. Bayan an gama, Malama ba ta gaya mini abin da aka tattauna ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da kawai ta ce shi ne za a yi gwajin fitsari, kuma "sanyi" a bakin mace Bahaushiya ba mura ba ne. Ta ce wannan kalma ta fi kowace ba ta aiki, ita da "shawara" da "basir" da "ciwon zuciya". Mutum zai ce yana da shawara, yana nufin idonsa ya yi ɗorawa, waya ta gaya wa likita wai yana da wata magana da zai ba shi. Wani zai ce basir, yana nufin duk wani abu daga kumburin ciki zuwa ciwon baya. Wata za ta ce zuciyarta na ciwo, alhali baƙin ciki ne ya hana ta barci. Ta ce in ta ji irin waɗannan, ba ta zaɓar wa mai ciwo ma'ana. Tana gaya wa likita cewa kalmar tana ɗaukar abu fiye da ɗaya, shi ya yi tambayar da za ta rarrabe.

Gwajin ya nuna akwai ƙwayar cuta a mafitsara, abin da ke yawan samun mata masu ciwon suga, kuma shi ya kawo zazzaɓin tare da ƙafar. A wannan ɗakin ne kuma Inna ta faɗi abin da ba ta taɓa gaya mini ba, wanda daga baya ita da kanta ta ba ni labari: ta ajiye ƙwayoyinta na suga tun tana gida, tana shan wani jiƙo mai ɗaci da aka haɗa mata, don ta ji an ce maganin asibiti yana kashe ƙoda. Na tabbata da ina cikin ɗakin ba za ta furta ba, don ta san zan yi faɗa. Malama ta fassara wannan ma, ba ta rufa mata ba, ba ta kuma yi mata wa'azi ba. Likitan ne ya yi bayani cewa sugar da aka bari ta hau ita ke cinye ƙoda.

Akwai wani ƙaramin abu da ya nuna mini ƙwarewarta. An ce washegari a zo gwajin jini ba a ci komai ba, kuma kalmar da ake amfani da ita a asibiti, da Larabci da Turanci duka, ita ce ta azumi. Inna na jin haka ta ce ai ba komai, za ta yi sahur. Malama ta tsaya ta warware mata: ba azumin ibada ba ne, daga bayan abincin dare ba za ta ci komai ba na awa takwas, amma ruwa za ta sha yadda take so, kuma ba sahur. Tsohuwa mai zazzaɓi da ciwon mafitsara, a zafin Jidda, a ce ta kame baki daga ruwa saboda kalma ɗaya, na san abin da zai biyo baya.

Kafin mu bar wurin magani ta baje kwalayen a kan benci. Takardar da aka manna a jikinsu da Turanci da Larabci ce, Inna ba ta karanta ko ɗaya. Malama ta tambaye ta ko tana karanta ajami, ta ce ai da shi take rubuta bashin da take bin mutane. Sai ta rubuta a jikin kowane kwali da ajami: wannan bayan karin kumallo da bayan tuwon dare, wannan sau uku har ya ƙare ko da kin ji sauƙi. Ba ta tambaye ta "kin gane?" ba, don ta san tsohuwa za ta ce ta gane saboda kara. Cewa ta yi, "Inna, maimaita mini yadda za ki sha, in ji ko ni ce ban faɗa daidai ba." Inna ta haɗa biyu a wuri ɗaya, aka sake, ta maimaita daidai. Daga nan ta karɓi wayata ta yi saƙon murya na minti huɗu da Hausa, da sunan kowane magani da dokokin ƙafa: kada ta jiƙa ta a ruwan zafi, kada ta taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida, a duba tafin ƙafar kullum da hasken rana, a shanya tsakanin yatsu bayan alwala.

To, ba duka ne ya yi mini daɗi ba, kuma zan faɗa don Alhaji mutum ne mai karɓar gyara.

Babbar matsalar ita ce Malama ita kaɗai ce. Ranar komawarmu ta biyu tana tare da wata mai naƙuda a wani asibiti, sai aka haɗa mu da wani saurayi, ɗan yayan Alhaji. Yaron kirki ne, Turancinsa ma ya fi nata gudu, amma Hausarsa rabi Larabci ce. Yana cewa "tahlil", "mau'id", "mustashfa", "iltihab", Inna tana gyaɗa kai alhali ba ta san yana nufin gwaji da ranar dawowa da asibiti da kumburi ba. Sai ni na koma ina fassara tafinta. Kuma likita zai yi magana mai tsawo, shi ya dunƙule ta a jimla ɗaya, "ya ce da sauƙi". Kuɗin kuwa ɗaya aka karɓa. Wanda zai kai dattijo ko mace, ya kira tun kwana biyu kafin ranar ya tabbatar ita zai samu, in ba haka ba gara ya ɗaga ranar in ciwon zai jira.

Abu na biyu ya fi damuna. Ofishin ɗaki ɗaya ne, babu labule, babu lungu. Ina zaune ina jiran layi na ji duk abin da ke cikin takardar wani bawan Allah, albashinsa, bashin da ake bin sa, har da cewa kafilinsa ya kai rahoton ya gudu daga aiki, abin da ake kira hurub. Mu shida muka ji, kuma unguwa ɗaya muke. Malama tana tsare sirrin mutane a asibiti kamar ranta, amma a ofishin sirri a fili yake. Katako ɗaya da ƙofa zai magance wannan. Na kuma ga saurayin nan yana karɓar lambar sirrin mutane ta Absher, manhajar hidimomin gwamnati, yana shiga da kansa. Ban ga ya cuci kowa ba, amma Absher ita ce rayuwar mutum a ƙasar nan, iƙamarsa, wato takardar zama, da bizar fitarsa da motarsa duk suna ciki. Ni da aka zo kaina, na riƙe wayata, na ce ya nuna mini inda zan taɓa. Bai ji haushi ba. Ba sa ba da rasit sai ka nema, ba su kuma manna farashi a bango ba, shi ya sa za ka ji wani ya ce an karɓi 30 a wurinsa, wani ya ce 50, a kan aiki iri ɗaya. Da rana kuma a rufe suke daga Azahar har bayan La'asar.

Tunda na riga na san wurin, na kai wa Alhaji kwantiragin aikina, wanda na amince da shi a Qiwa, dandalin ma'aikatar ƙwadago, ban karanta ba, kamar yawancinmu. Riyal 50 ya karɓa, ya karanta mini shi layi layi. Daga bakinsa na fara jin cewa a dokar ƙwadago ta Saudiyya, sashe na 9, in takarda tana da Larabci da wani harshe, Larabcin ne abin dogaro in an samu saɓani. Wato ɗan uwan da yake taƙama ya karanta ɓangaren Turanci bai gama tsira ba. Ya kuma yi mini bayanin sauyin da aka yi a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikatan kamfanoni damar canza wurin aiki da neman bizar fita da dawowa da kansu bisa wasu sharuɗɗa, ya ce amma wancan sauyin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba, don nasu tsarin daban ne. Ya ja kunnena a kan kwanan wata: shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, kuma ya ga mutane da yawa sun ci tara don sun lissafa ƙarewar takardarsu da kalandar da ba ita ba. Abin da ya burge ni shi ne ya san iyakarsa. Na tambaye shi ko zai fassara mini wata takarda da zan kai ofishin jakadancinmu, ya ce fassararsa ta fahimta ce, ba ta da hatimin da hukuma ke karɓa, in je ofishin fassara mai lasisi. Da na matsa masa a kan wata magana ta haƙƙin ƙarshen aiki, ya ce shi ba lauya ba ne.

Suna kuma karɓar aiki ta WhatsApp. Ka ɗauki hoton takarda ka tura, a maido maka da bayani da murya da Hausa, riyal 20. Malama ta ce yawancin masu turowa mata ne masu aikin gida da ba sa samun fita, wasu sai tsakar dare suke samun taɓa waya. Wata takardar magani ce, wata saƙon banki, wata takarda ce aka ce ta sa hannu ba ta san ta mece ce ba. Ta ce irin waɗannan in ba su da kuɗin ba ta hana su amsa. Ban ga wannan da idona ba, amma abokina na Damagaram ya ce ƙanwar matarsa tana cikin waɗanda aka yi wa haka.

Ina yawan tunanin cewa ƙasar nan ta san da Hausa. A Madina ake buga tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ana fassara huɗubar Arfa da harshenmu, a Harami za ka samu mai amsa maka tambayar ibada da Hausa. Amma a ɗakin likita da gaban teburin mai ɗaukar aiki, inda kuskuren kalma ɗaya ke iya cin ƙafar mutum ko albashinsa na shekara, sai ka nemi mai taimakonka da kanka. Wannan giɓin Alhaji da ƙanwarsa suke cikewa da tebur biyu, kuma ina roƙon su da su horar da wasu matan ko biyu ne a hannun Malama tun tana da ƙarfi.

Ƙafar Inna ta kama warkewa kafin ranar tafiyarta, zazzaɓin ya sauka a kwana na uku da fara magani. Daren da za ta tashi, Malama ta sa likita ya rubuta taƙaitaccen bayani da Turanci don likitan Katsina, ta karanta wa Inna shi da Hausa don ta san abin da take ɗauke da shi a jakarta. A filin jirgi Inna ta ciro turare ɗan ƙarami da ta saya a Makka ta ce in kai wa "'yar nan tawa", na kai mata washegari bayan La'asar. Saƙon muryar nan na tura wa ƙanwata a gida, kuma ta ce har yanzu duk safiya Inna na sa a kunna mata shi kafin ta buɗe kwalin magani.